« Me ka ci? » ko « Me ka sha? »: sharhi a kan harshen manhajojin salula na masu ciwon sukari

Taƙaitawa

Wannan takarda sharhi ce a kan manhajojin salula da aka ƙirƙiro domin taimaka wa mai ciwon sukari nau'i na 2 ya daidaita cimarsa da motsa jikinsa. Mun dube su da idon mai nazarin harshe: wace tambaya suke yi, da wane awo suke karɓar amsa, da wa suke magana. Ra'ayinmu shi ne, duk manhajar da aka gina a kan rabe-raben ma'ana na Faransanci ko Ingilishi za ta riƙa karɓar amsar da ba daidai ba daga bakin Bahaushe, ko da an fassara kowace kalma tata zuwa Hausa. Kuskuren harshe a wannan fage kuwa yana iya taɓa lafiyar mutum.

0. Gabatarwa

Duk mai salula ta zamani a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa yana iya saukar da abin da masu gyaran waya ke kira aplikasiyo, wanda kafofin watsa labarai na Hausa suka raɗa wa suna manhaja. Kalma ta biyu za mu riƙe a nan. Daga cikin manhajojin akwai waɗanda aka yi domin masu ciwon sukari nau'i na 2, wato nau'in da ya fi kama manya, inda jiki ke daina jin aikin insulin yadda ya kamata, wanda jikin ke samarwa kuma ya kasa wadatarwa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon sukari wannan nau'i ne ke gare su.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Ƙungiyar duniya ta yaƙi da ciwon sukari (FID) ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 537 ke da ciwon, miliyan 24 daga cikinsu a yankin Afirka, inda fiye da rabi ba su ma san suna da shi ba. A Nijar, binciken STEPS na 2007 ya ba da kashi 4,3 cikin 100.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya kai masanin harshe ga maganar da ta likitoci ce. Amsar ita ce, manhaja ba ta ganin abin da ke cikin akushi. Duk abin da ta sani game da cimar mutum ta hanyar tambaya da amsa ya zo mata, tambaya da amsa kuwa a cikin harshe suke gudana. Misalanmu sun fito daga manhajojin da muka buɗe da kanmu cikin Faransanci, da kuma abin da muka gani a gidan wani dattijo na danginmu, tsohon ma'aikaci, wanda ɗansa ya saka masa ɗaya. Ba za mu kama sunan wata manhaja da laifi ba, domin aibin da muke magana a kai na tsarin ne gaba ɗaya.

1. Abin da bincike ya tabbatar

Kafin suka, sai a ba kowa haƙƙinsa. Manhajojin iri biyu ne. Akwai na lissafin abinci da motsa jiki, kamar MyFitnessPal ta Amurka, wadda aka fara a 2005. Akwai kuma na rubuta awon sukarin jini da magani, kamar mySugr, wadda aka kafa a Viyana a 2012, kamfanin Roche ya saye ta a 2017. A Jamus, dokar 2019 ta ba likita damar rubuta wa majinyaci manhaja kamar yadda yake rubuta magani, in hukuma ta tantance ta.

Tushen aikinsu ingantacce ne. Gwajin da aka yi a Amurka kan mutum 3234 da ke dab da kamuwa da ciwon, wanda aka buga sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa sauyin cima da motsa jiki ya rage kamuwa da kashi 58 cikin 100, maganin metformin kuma da kashi 31. Abin da aka nema daga mutanen shi ne rage kashi 7 cikin 100 na nauyin jiki da motsa jiki na minti 150 a mako. A Birtaniya, gwajin DiRECT, wanda aka bayyana a ƙarshen 2017, ya nuna cewa kashi 46 cikin 100 na majinyatan da suka bi tsarin rage nauyi sukarinsu ya koma daidai ba tare da magani ba bayan shekara guda.

Game da manhajojin kansu, a 2016 mujallar Diabetes Care ta buga wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 14. Ga masu nau'i na 2, an sami ragin kusan rabin maki (0,49) a awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na wata 2 zuwa 3 da suka wuce. Wannan ragi ba abin rainawa ba ne. Amma nazarin ya nuna cewa amfanin ya fi yawa inda ma'aikacin lafiya ke duba bayanan yana mayar da amsa. Haka ma a gwajin 2002, kowane mutum ya sami mai koyar da shi ido da ido, darasi 16 cikin wata 6 na farko. Ke nan abin da ya yi aiki tun asali zance ne tsakanin mutum biyu masu jin harshen juna. Manhaja ta gaji lambobin, zancen kuma tana kwaikwayonsa ne. Ingancin kwaikwayon shi za mu auna.

2. Ci da sha

Tambayar farko da kowace manhajar abinci ke yi ita ce abin da mutum ya ci. Mai fassara zai juya « manger » zuwa ci ba tare da wani tunani ba. To amma tun 1966 Claude Gouffé ya rubuta maƙala a kan ci da sha a Hausa, kuma duk mai jin harshen ya san iyakar da ke tsakaninsu ba ta faɗa inda ta Faransanci ta faɗa ba:

(1) a. Ya ci tuwo, shinkafa, wake, nama, burodi.
b. Ya sha fura, kunu, koko, shayi, mangwaro, lemo, kankana, rake, zuma, alewa.

Bafaranshe « ci » yake yi wa mangwaro da kankana da zuma. Bahaushe sha yake yi. Abin lura a nan shi ne, jerin (1b) ya ƙunshi yawancin abubuwan da suka fi saurin ɗaga sukarin jini. Kalmar abinci ita kanta, in an feɗe ta, abin ci ce: ƙirarta ta riga ta fitar da abin sha daga cikinta.

Ga abin da muka ji da kunnenmu a gidan dattijon da muka ambata, ɗansa yana riƙe da salula yana cike gurbin abincin rana:

(2) — Baba, me kuka ci da rana?
— Ban ci komai ba yau, fura kawai na sha.

Dattijon bai yi ƙarya ba, ɗan kuma ya bar gurbin fanko. Alhali fura (ko hura, kamar yadda ake faɗa a Tawa da Maraɗi) gero ce da nono, sau da yawa har da sukari, kuma ita ce cimar rana ta ɗimbin mutanen ƙasar nan. Da yamma awon jini ya hau, manhajar kuma ba ta da abin da za ta jingina hawan da shi. Hoton da ta zana wa likita na mutum ne da sukarinsa ke tashi da kansa ba tare da ya sa komai a baki ba.

Gaskiya ne manhajojin suna da gurbin « boissons ». Sai dai abin da ke cikinsa ruwa ne da kofi da lemun kwalba. Fura ta faɗa tsakanin gurbi biyu: ba ta shiga na abinci ba domin ba cin ta ake yi ba, ba ta shiga na abin sha ba domin wanda ya tsara jerin bai san da abin shan da ke ƙosar da magidanci wuni guda ba. Haka nan shayin da ake zagayawa da shi a fada sau uku, kowane zagaye da sukarinsa, ba wanda ke lissafa shi a matsayin cima. Gyaɗa da dabino da aya kuma ƙwalama ce, ba a kiran su abinci. Tambayar da ta dace da Bahaushe dole ta zo kashi uku: me aka ci, me aka sha, me aka ɗan taɓa tsakani.

3. Kalmar sukari

Sunan ciwon kansa yana ɗauke da tarko. A bakin mai magana, sukari na iya nufin abu uku:

(3) a. sukarin kanti, wanda ake sa wa shayi;
b. sukarin da ke cikin jini, wanda ake aunawa;
c. duk abincin da jiki ke narkarwa ya mayar da shi (b).

Faransanci na likitoci ya raba su: « sucre », « glycémie », « glucides ». Hausar yau da kullum ta san (a) sarai, ta karɓi (b) daga gidan likita, amma (c) ba ta da kalma guda da ta tattara gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, doya, dankali, taliya da burodi. Hatsi ya tsaya ga na zangarniya, bai ɗauki rogo ba. Wannan ba naƙasu ba ne ga harshen. Kamar yadda muka koya daga Saussure, darajar kalma daga maƙwabtanta take fitowa, kuma kishiyar sukari a tunanin mai magana shi ne abin da ba shi da zaƙi.

Sakamakon haka, majinyaci yakan fahimci ciwon sukari a matsayin ciwon zaƙi. Ya daina sa sukari a koko, ya ɗauka ya gama aikinsa, ya ci malmala biyu da dare hankali kwance, tunda tuwo ba shi da zaƙi. Alhali kusan kashi biyu cikin uku na garin gero abin da ke komawa sukari ne, dafaffiyar farar shinkafa kuma garam 100 nata na ɗauke da kusan garam 28. Wani ma yakan koma ga zuma da cewa ita ba sukari ba ce, wanda gaskiya ne a ma'ana ta (a), kuskure ne a ma'ana ta (c).

Manhajojin ba su warware wannan ƙulli. Suna nuna lambar « glucides » a ƙarƙashin kowane abinci kamar kowa ya san me ake nufi. In an fassara ta da sukari, an haɗa (a) da (c), mai karatu ya ga an ce tuwo na da sukari ya ƙaryata. In an aro kalmar yadda take, an bar shi cikin duhu. Mu dai muna ganin a yi amfani da bayani maimakon kalma guda: abinci mai komawa sukari a jiki. Ya fi tsawo, amma yana koyar da abin da majinyaci ya fi bukatar sani, wato narkewar tuwo da fura zuwa abin da na'ura ke aunawa.

Kalmar « régime », wadda ta shigo bakin mutane a matsayin rejim, ita ma tana da nata nauyin. A al'adar jinya ta Hausa, mai magani hani yake yi: kada ka ci kaza, kada ka kusanci kaza. Mutane suna jin rejim da wannan kunne, su nemi jerin abin da aka haramta. Tunanin da aka gina manhaja a kai kuwa na yawa ne: komai ana iya ci, sai dai nawa. In ba a fayyace wannan bambanci ba, majinyaci ko dai ya ƙaurace wa hatsi gaba ɗaya har ya galabaita, ko ya ci abin da « ba a hana ba » ba iyaka.

4. Awo

4.1. Awon abinci

Da zarar an ce nawa, an shiga maganar awo. Manhaja garam take nema, ko kofi, ko « portion ». Gidan Bahaushe yana da awonsa, kuma tsararre ne: tiya a kasuwa, wadda ke ɗaukar kimanin kilo 2 da rabi na gero, malmala da mara ga tuwo, dunƙule ga fura, ludayi da moɗa ga kunu, loma ga mai ci. Ƙosai da waina kuwa da kuɗi ake auna su: na dala goma, na dala ashirin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da muka tarar a jerin zaɓin manhajojin da muka buɗe.

Wani zai ce sai a sayi ɗan sikeli. Amma sikeli yana bukatar faranti na mutum ɗaya. Inda mutum huɗu ko biyar suka kewaye kwano guda, rabon kowa ba a san shi ba sai an tashi, kuma ba wanda ke ƙirga lomar da ya kai baki a gaban baƙo. Kalmar « portion » tana ɗauke da zaton cewa an raba abinci kafin a fara ci. A yawancin gidajenmu cin ne ke yin rabon.

Ilimin ƙunshin abincin namu kuwa akwai shi. Hukumar FAO ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta faɗaɗa shi a bugun 2019. Abin da ya rage shi ne a haɗa wannan jadawali da awon gida: a auna malmala ƙarama, matsakaiciya da babba a Maraɗi da Damagaram, a ɗauki hotonsu kusa da hannun mutum, mai amfani ya taɓa wadda ta yi kama da tasa. Wannan aikin fili ne, irin wanda ɗalibanmu suka saba yi wajen tattara kalmomi.

4.2. Awon jini

Haɗarin ya fi tsanani a lambobin awon jini, domin ma'auni uku ke yawo a yankinmu. Ɗakunan gwaji na ƙasashe masu amfani da Faransanci sun saba da garam a lita (g/l). A Nijeriya ana yawan samun milimol a lita (mmol/l). Ƙananan na'urorin gida da yawa miligaram a desilita (mg/dl) suke nunawa. Jini ɗaya ne, lamba uku:

(4) 1,26 g/l = 126 mg/dl = 7,0 mmol/l (iyakar da ake cewa mutum na da ciwon, in an auna kafin karin kumallo)
0,70 g/l = 70 mg/dl = 3,9 mmol/l (iyakar faɗuwar sukari)

Mutumin Maraɗi da ke jinya wani lokaci a gida wani lokaci a Katsina zai iya riƙe takarda mai 1,40 da wata mai 7,8, na'urarsa kuma ta ce 140, duk abu ɗaya. A baka kuwa ba mai faɗin ma'aunin: « sukarina bakwai ne », « nawa ɗaya da arba'in ». Manhajar da aka saita a kan mg/dl, in aka rubuta mata 1,40, ko dai ta ƙi karɓa ko ta ɗauke shi mummunar faɗuwar sukari. Ga kuma waƙafi da ɗigo: abin da Faransanci ke rubutawa 1,40 Ingilishi 1.40 yake rubuta shi. Manhajar da za ta yi aiki a kan iyakar nan tilas ta gane ma'aunin daga girman lambar, ta kuma maimaita wa mutum da baki abin da ta fahimta kafin ta ba da shawara.

5. Da wa ake magana?

Benveniste ya nuna cewa duk mai cewa « ni » yana kafa « kai » a gabansa. Wane « kai » manhaja ta kafa? Mutum ne mai karatu, mai zaman kansa, wanda ke sayen cefanensa, ya dafa, ya zuba, ya ci shi kaɗai. A Nijar mafi yawan manya ba su karanta Faransanci, ciwon kuma manya ya fi kamawa. Magidanci ba ya shiga madafa. Mai girki ce ke yanke yawan mai da gishiri da girman malmala, a gidan da ke da mata fiye da ɗaya kuma girkin zagayawa yake yi. Saƙon da ya tsaya a salular maigida bai isa inda ake yanke hukunci ba.

Nahawun Hausa yana tilasta zaɓin da Faransanci ke ɓoyewa a cikin « vous »:

(5) a. Ka rage tuwon dare.
b. Ki rage tuwon dare.
c. Ku rage tuwon dare.
d. A rage tuwon dare.

Jimla (a) da (b) suna bukatar sanin jinsi, kuma daga bakin abin da ba a san shekarunsa ba suna iya zama raini ga dattijo. Jimla (c) ta girmamawa ce, tana kuma iya haɗa gida duka. Jimla (d), mai wakilin suna na boye, ita ce hanyar da Hausa ta saba ba da umarni ba tare da nuna yatsa ba, kuma ta fi sauƙin karantawa a gaban mai girki ba tare da an ce ita ce mai laifi ba. Mu (d) muka fi so, sai (c).

Yabon da manhaja ke yi ma abin dubawa ne. Takan taya mutum murna in nauyinsa ya ragu. A Hausa fi'ilin da ke kusa shi ne rame, wanda ba ya rabuwa da ciwo ko talauci ko damuwa. Ba a ce wa mutum « madalla, ka rame ». Wanda ya yi jiki kuwa an ce ya murmure, ya ji daɗi. Mai tsara saƙo sai ya nemi wata hanya: rage teɓa, jiki ya yi sakayau, gwiwa ta huta. Akwai kuma abin da ya wuce ladabi. Ramar da ta zo ba tare da an neme ta ba, tare da ƙishirwa da yawan fitsari, alama ce ta sukarin da ya fi ƙarfin magani. Likitoci kuma sun daɗe da lura cewa a Afirka da Asiya ana samun masu nau'i na 2 da ba su da ƙiba. Manhajar da ke tafa wa kowane kilo da ya tafi tana iya taya mutum murnar abin da ya kamata ya kai shi gidan likita.

6. Motsa jiki

Manhajoji da yawa sun kafa taku dubu 10 a matsayin burin kowace rana. Wannan lamba daga tallar wata na'urar ƙirga taku ta fito, a Japan, a 1965. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2019 kan tsofaffin mata ya nuna cewa raguwar mace-mace ta daidaita a wajen taku 7500. Hukumar lafiya ta duniya (OMS), a jagorarta ta 2020, da minti take magana: 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici.

Salula tana ƙirga taku ne in tana jikin mutum. Matar da ta yi surfe da daka, ta ja ruwa a rijiya, ta yi wanki da shara, salularta na kan taga tana caji, manhaja za ta rubuta mata ranar zama. Manomin da ya wuni a duƙe da hauya, takunsa kaɗan ne. Jerin ayyukan da ake zaɓa kuwa cike yake da iyo da tseren keke da wasannin ɗakin atisaye. Matsalar fassara ta biyo baya: « sport » yakan zama wasa, wasa kuwa na yara ne da samari. Dattijo ko matar aure ba za su ji da su ake ba. Motsa jiki ya fi, ko da yake shi ma kalmar rediyo ce. Abin da ya fi shiga kunne shi ne a kira aikin da sunansa: tafiya masallaci ko kasuwa da ƙafa maimakon hawa kabu-kabu, zagaya tsakar gida bayan tuwon dare, fita da sanyin safiya a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

7. Azumi

Misali na ƙarshe shi ya fi tayar mana da hankali. Awon da likita ya fi nema shi ne « glycémie à jeun », wato wanda ake yi bayan awa 8 aƙalla ba a sa komai a ciki ba sai ruwa. Mai fassara da ƙamus zai ga dangantakar « à jeun » da « jeûne », ya rubuta sukarin azumi. A Hausa kuwa azumi ibada ce mai lokaci sananne, daga alfijir zuwa faɗuwar rana. A watan Ramadan, mai azumi da ƙarfe 7 na safe yana cikin azumi, amma sahur ɗinsa bai fi awa biyu ba. Fassarar da ta dace ita ce awon safe kafin karin kumallo, a watan azumi kuma sai a sake tsara lokutan awon gaba ɗaya.

Binciken EPIDIAR, wanda aka yi a ƙasashe 13 a 2001, ya nuna cewa kashi 79 cikin 100 na masu nau'i na 2 sun yi azumin kwana 15 aƙalla, kuma mummunar faɗuwar sukari ta ninka sau 7 da rabi a cikinsu. Haɗarin ya fi yawa ga masu shan magani irin glibenclamide ko masu allurar insulin. Jagorar FID da ƙungiyar DAR, ta 2016 da ta 2021, ta ce a karya azumi in sukari ya sauka ƙasa da 70 mg/dl ko ya haura 300, ta kuma bayyana cewa tsaga yatsa domin awo ba ya karya azumi. Manhajar da ke tunatar da abincin rana da ƙarfe 1, tana kuma neman taku dubu 10 daga mai azumi, ba ta san wannan wata ba.

An riga an nuna wata hanya a kusa da mu. A 2014 Senegal ta fara shirin mDiabète, ƙarƙashin haɗin gwiwar OMS da hukumar sadarwa ta duniya (UIT), inda ake aika gajerun saƙonni ga masu ciwon sukari a lokacin Ramadan. Shirin ya fara daga kalandar mutanen da ake yi wa magana, kuma ƙaramar salula ma tana karɓar saƙon.

8. Kammalawa

Hausa ta shiga na'urar fassara ta Google tun 2013, kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 kuma ya ba ta matsayin harshen ƙasa a Nijar. Don haka ba da jimawa ba za a kawo mana manhajar da aka ce tana jin Hausa. Tsoronmu shi ne ta zo da kalmomin Hausa a kan ƙashin Faransanci, mutane su amince da ita saboda harshen, alhali tambayarta ta farko ta riga ta zubar da fura. Ga abin da muke ganin ya kamata a nema daga kowace irin wannan manhaja:

a. ta tambayi ci da sha da ƙwalama daban-daban;
b. ta raba ma'anoni uku na sukari, ta bayyana na ukun da misalin tuwo da fura;
c. ta karɓi malmala, dunƙule, ludayi da kuɗin ƙosai a matsayin awo, da hoto;
d. ta gane ma'auni uku na awon jini, ta tabbatar kafin ta yi magana;
e. ta yi magana da murya, da sigar « a » ko « ku », yadda mai girki ma za ta ji;
f. ta san watan azumi da watannin zafi;
g. ta kasance a haɗe da ma'aikacin lafiya, wanda shi kaɗai ke da hurumin sauya magani.

Daga (a) zuwa (e) aikin sashenmu ne kafin ya zama na injiniya. Muna ba ɗalibai masu neman batun digiri na biyu shawara su nemi izini su zauna a ɗakin jiran masu ciwon sukari, su naɗi yadda majinyata da ma'aikatan jinya ke faɗin waɗannan abubuwa da bakinsu a karin harshen Maraɗi, Damagaram da Tawa, sannan a gwada kowace tambaya a kan dattawa da mata masu girki kafin a rubuta ta a cikin na'ura. Muna maraba da gyara daga abokan aikinmu na sashen likitanci, musamman a kan sashe na 3 da na 7.